Yadda Ake Ɗaura Furen Okid a Jikin Itace Maimakon Dasa Shi a Tukunya

Okid ɗina na farko a tukunya ya mutu, kuma ruwa ne ya kashe shi. Wata 'yar'uwata ce ta kawo min shi tsaraba, da fararen furanni jere a kan sanda guda, kowanne ya buɗe kamar zai tashi sama. Na riƙa shayar da shi kowace safiya yadda nake yi wa sauran shukokin tsakar gida. Da ganyen ya fara yaushi sai na ƙara masa ruwa. Ranar da na zare shi daga tukunyar, na tarar gansakukar da aka cusa masa a madadin ƙasa ta jiƙe sharkaf tana wari, saiwoyin sun yi baƙi, in ka matsa ɗaya sai ta fashe a hannunka, wani siririn zare kaɗai ya rage a ciki. Abin ya daɗe yana damuna, kuma shi ya sa na koma ɗaura su a jikin itace.

Irin okid ɗin da nake magana shi ne wanda masana tsirrai ke kira Phalaenopsis. Carl Ludwig Blume, masanin tsirrai da ya yi aiki a tsibirin Jawa na Indonesiya, shi ya raɗa masa sunan a 1825, daga kalmomin Girkanci masu nufin abin da ya yi kama da malam-buɗe-littafin dare, irin mai zagaya fitila. Asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne: Filifin, Indonesiya, Malesiya, Taiwan, har zuwa arewacin Ostareliya. A Indonesiya ma ɗaya daga cikin jinsinsa, Phalaenopsis amabilis, yana cikin furanni 3 da ƙasar ta ɗauka a matsayin alamarta. A waɗancan dazuzzuka ba a ƙasa yake tsiro ba. A jikin bishiya yake manne, cikin inuwa, saiwoyinsa a fili suna shan iska. Kada a ɗauka irin kauci ne. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan jikin bishiya, shi kuwa okid wurin zama kawai yake aro, abincinsa daga ruwan sama da raɓa da ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ya maƙale a ɓawo yake samu.

Duk sirrin a saiwar yake. Tana lulluɓe da wata farar fata mai kama da soso, wadda ke zuƙe ruwa nan take. In ta bushe sai ka gan ta fari-fari kamar azurfa, in ta sha ruwa ta koma kore shar. Ruwa mai yawa take so, amma ya wuce da sauri, iska ta biyo baya. Tukunyar da aka danƙara wa gansakuka tana riƙe ruwa kwana da kwanaki, sai saiwa ta rasa numfashi ta ruɓe. Masu gonakin fure na Taiwan da Holan suna sa shi a tukunya ne don sauƙin reno da jigila da sayarwa.

Ka fara auna kanka da garinku

A jikin itace da wuya ruwa ya yi wa okid yawa. Sai dai daga ranar da ka ɗaura shi, kai ne ruwan samansa. Ba shi da kumburarren gindi na ajiyar ruwa kamar wasu dangin okid, ɗan abin da ke cikin kaurin ganyensa da saiwarsa shi ne guzurinsa. Ya fi jin daɗi in danshin iska ya kai kashi 50 zuwa 70 cikin 100, zafi kuma tsakanin digiri 18 da 30.

Wanda ke zaune a tsaunin Mambila, ko Legas da Kumasi, wannan aiki zai zo masa da sauƙi. A Jos, Kaduna da Abuja yana yiwuwa, amma hunturu zai gwada haƙurinka. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi, inda bazara ke haura digiri 40, iskar hunturu kuma ta busar da wanki cikin ɗan lokaci, shawarata ita ce kada ka fara sai kana da ɗaki ko rumfa mai sanyi da za ka iya riƙe danshinta. Wanda ba shi da gashin wance ba ya kitson wance. Haka ma mai yawan tafiya da ba shi da wanda zai bar wa amana, tukunya ta fi masa rufin asiri.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan furen ya zube, sa'ad da ka ga kan saiwoyi ya fito sabo, kore mai sheƙi, alamar suna tafiya. In hakan ya zo daidai da faɗuwar damina, wajen Mayu ko Yuni, ka dace, domin tsiron zai samu watanni na danshi kafin iska ta juya. Kada ka ɗaura wanda ke cikin fure, zai iya zubar da shi. Ka kuma zaɓi ƙarami ko matsakaici mai lafiya. Manyan nan masu faffaɗan ganye suna da nauyi kuma sun fi shan ruwa. Ƙananan iri, da jinsi kamar Phalaenopsis equestris da Phalaenopsis schilleriana na Filifin, sun fi saurin kama itace.

Zaɓen itace

A nan nake so a daɗe, saboda itacen da ka zaɓa shi ne gidan tsiron na shekaru, kuma in saiwa ta manne ba a ɓanɓare ta ba tare da rauni ba.

Abu 3 ake nema: ya zama mai kaushi yadda saiwa za ta samu abin kamawa, ya jure jiƙa da bushewa kullum ba tare da ya ruɓe ba, kuma babu guba a jikinsa. A Turai da Amurka an fi amfani da kaurin ɓawon wata bishiya ta Fotugal da Sifen, wanda da shi ake yin toshiyar kwalba. Ba shi da nauyi, ba ya ruɓewa da wuri, in ka same shi a wurin masu sayar da kayan lambu ka saya. In babu, muna da namu. Ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita, tana da taurin da gara ba ta cika damunta ba. Maɗaci da marke ma suna yi. Busasshen reshen mangwaro mai kaushin ɓawo yana karɓar saiwa da kyau, illa dai bai kai waɗancan daɗewa ba.

Ka guji katakon da kafinta ya shafa wa baƙin mai ko maganin gara, da wanda aka yi wa fenti ko banish, da filawud da sauran allunan da aka haɗa da gam. Ka guji itacen turare, mai ne a jikinsa kuma ɓawonsa saɓulewa yake yi. Duk itacen da ka sa farce ɓawonsa ya ɗago, to ka ɓare ɓawon gaba ɗaya ka yi aiki da tsuran itacen, in ba haka ba wata rana ɓawon zai faɗo tare da okid ɗin. In itacen ya cika santsi, ka sa zarto ko wuƙa ka yi masa tsaga-tsaga marasa zurfi. Ɗanye kuwa ba ya yi, sai ya bushe sarai.

Ga matsakaicin tsiro, guntun da ya kai santimita 30 a tsawo da kamar 15 a faɗi ya wadatar, don a bar wa saiwa filin tafiya. Ka wanke shi da buroshi, ka kwarara masa tafasasshen ruwa don kashe ƙwari da ƙwayayensu, ka shanya. Daga nan ka huda rami a samansa, ka zura waya mai rufin roba ka lanƙwasa ta zama maratayi. Ka yi wannan tun yanzu, kafin tsiron ya hau. Wayar tagulla tsirara ba ta da kyau kusa da saiwa.

Sauran kayan ba su da yawa: almakashi mai kaifi, sifirit ko wutar ashana don tsabtace shi, zaren roba irin na masunta, tsohuwar safar mata mai talewa da za a yayyanka siri-siri, da ɗan abin shimfiɗa mai riƙe danshi. Abin shimfiɗar da aka fi sani shi ne busasshiyar gansakukar da ake shigowa da ita daga Niyu Zilan da Chile. In ba ta samu ba, zaren ɓawon kwakwa yana maye gurbinta, amma a jiƙa shi kwana 3 ko 4 ana sauya ruwa, saboda yakan zo da gishiri.

Fitar da shi daga tukunya

Ka tsoma tukunyar cikin ruwa mai ɗan ɗumi na minti 15 zuwa 20. Busasshiyar saiwa karyewa take yi kamar tsinke, jiƙaƙƙiya kuwa tana lanƙwasuwa. Ka matsa gefen tukunyar ta ko'ina, ka zaro tsiron a hankali, in ya ƙi fita ka yanka robar. Sai ka zauna ka tsince duk abin da ke tsakanin saiwoyin da yatsu. Ka duba can tsakiya a ƙarƙashin gindi, sau da yawa akwai wani dunƙulen gansakuka ko soso tun na renon farko, wanda shi ne ke fara ruɓar da saiwa. Ka cire shi tas, ka ɗauraye.

Yanzu ka bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya kana latsawa. Mai tauri tana da rai, ko da launinta fari ne ko rawaya, rashin haske ne a cikin tukunya ya mai da ita haka. Wadda ta yi laushi, ko ta zama holoƙo kamar bututun kara, ka datse ta daidai inda lafiyayyen nama ya fara. Ka goge almakashin da sifirit kafin ka taɓa wani tsiron. Tsohuwar sandar fure in ta bushe ka yanke ta kusa da gindi. Wasu kan shafa garin kirfa a bakin yankan sanda ko ganye don ya bushe da wuri, yana yi, amma kada ya taɓa saiwa, busar da ita yake yi. Ka ajiye tsiron a inuwa na awa 2 ko 3 bakin raunukan ya kame.

Ɗaurin kansa

Ka kwantar da itacen a kan tebur. Ka jiƙa gansakukar, ka matse ta, ka shimfiɗa 'yar kaɗan, kaurin yatsa guda, a wurin da saiwoyin za su zauna, wato daga tsakiyar itacen zuwa sama.

Ga inda mafi yawan masu farawa ke kuskure. Suna tsayar da tsiron ƙyam, ganye na kallon sama kamar yadda suka saba ganinsa a tukunya. A daji ba haka yake zama ba, a karkace yake, ganyensa na zubowa ƙasa. Dalili kuwa, a tsakiyar ganyen akwai wani ɗan ƙoƙo inda sabon ganye ke fitowa, kuma wannan ita ce kaɗai zuciyar da tsiron ke girma ta cikinta. In ruwa ya kwana a ƙoƙon nan sai ya ruɓe, ganye su zube ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan kwanaki. Saboda haka ka ɗora shi gindinsa na jingine da itace, saiwoyin na baje ta sama da gefe, kansa kuma ya sunkuyo waje da ƙasa, yadda duk ruwan da ya shiga ƙoƙon zai tsiyaye da kansa. Da farko zai yi maka kamar an rataye shi a juye. Haka ya kamata ya kasance.

Ka baje saiwoyin a kan shimfiɗar ba tare da tilasta musu ba. Wadda ta ƙi kwanciya ka bar ta ta yi lilo a iska, ba abin da zai same ta. Ka ɗauki zirin safar nan ka zagaye gindin tsiron, ƙasa da ganyen ƙarshe, ka ɗaure shi da itacen ta baya. Safa tana talewa, ba ta yanka nama. Sai ka ɗora wata 'yar gansakukar a kan saiwoyin, shara-shara yadda kana hango su ta ciki. A wuri mai danshi sosai ana iya barin wannan, amma a ƙasarmu ta arewa ina ganin sai da shi. Kada gansakuka ta rufe gindin ganye ko ta kusanci ƙoƙon.

Ka ɗaura bakin zaren masunta a bayan itacen, ka riƙa naɗawa kana gittawa ta kan gansakukar, sau 8 ko 10, ka ƙulle a baya. Ya kama, amma kada ya nutse cikin saiwa, kuma kada ya bi ta kan koren bakinta, don in bakin ya ji rauni saiwar ta daina tafiya. Da ka gama, ka ɗaga itacen ka ɗan girgiza. In tsiron ya yi motsi, ka ƙara ɗauri. Saiwar da ke gogar itace duk lokacin da iska ta kaɗa ba za ta taɓa mannewa ba.

Wurin rataya

Haske mai yawa, ba rana kai tsaye ba. Ƙarƙashin baranda mai fuskantar gabas, inda hantsi ke leƙowa na ɗan lokaci, ko inuwar bishiya mai cikar ganye, ko kusa da taga mai labule shara-shara. Ranar tsaka tana ƙona ganyen cikin awa guda, ta bar masa farin tabo da ba ya warkewa. Ka taɓa ganyen da rana, in ka ji ɗumi to wurin ya yi masa zafi. Ganye kore mai haske alamar daidai ne, kore mai duhu sosai kuma alamar haske ya yi kaɗan, irin wannan ba ya fure. A samu iska mai ɗan motsi, amma ba a bakin na'urar sanyaya ɗaki ba. In akwai awaki a gidan, a ɗaga shi sama sosai.

Shayarwa

Da safe ake yi. Ka sauke itacen ka kwarara masa ruwa har saiwoyin su koma kore, ka jira minti 5, ka sake. Zubin farko jiƙa fatar kawai yake yi, na biyu ne ke shiga. Ko kuma ka tsoma ɓangaren saiwar cikin bokiti na minti 10. Ɗan feshin da ake fesawa sama-sama ba shayarwa ba ce. In ruwa ya tsaya a ƙoƙon ganye, ka murɗa gefen tsumma ka tsane shi. Ƙa'idar ita ce kafin magariba tsiron ya bushe.

Da damina sau ɗaya a rana ya isa, ranar da aka wuni ana ruwa ma ka ƙyale shi. Da hunturu da bazara sai sau 2, da safe da kuma wajen azahar. Ruwan sama ya fi kowanne, in kana da hali ka tara a ganga. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana da kanwa-kanwa, za ka gane in ka ga farin gari na taruwa a jikin itacen, bakin saiwoyi kuma na yin baƙi. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe. Ruwan firji kuwa ko kusa.

Hunturu shi ne babban gwaji. Na taɓa yin tafiyar kwana 5 a watan Janairu na bar guda biyu a baranda, na dawo na tarar ganyensu ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka, saiwoyin sun ƙanƙance. Ɗaya ya farfaɗo bayan makonni ina tsoma shi kullum, ɗayan bai tashi ba. Tun daga nan, da iska ta juya nake mayar da su lungun da ba ta bugawa, in tara su wuri guda, in ajiye faffaɗan kasko cike da ruwa a ƙarƙashinsu, in rataya jiƙaƙƙen buhu a gefen da iskar ke shigowa. Banɗaki mai taga ma wuri ne mai kyau a wannan lokaci. Ƙura kuma a riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, sama da ƙasan ganye, domin tsiron da dare yake buɗe ƙofofin numfashinsa, ƙura na toshe su. In tafiya ta kama dole, ka shayar da shi sosai, ka tsayar da itacen cikin babban bokiti mai ɗan ruwa a ƙasa yadda saiwa ba ta taɓa ruwan, ka rufe da farar leda mai huji-huji, ka ajiye a inuwa. Zai riƙe shi 'yan kwanaki, ba makonni ba.

Taki sai bayan mako 3 da ɗauri. Irin mai narkewa a ruwa ake so, kamar wanda aka rubuta 20-20-20 a jikin kwalinsa, rubu'in ƙaramin cokali a lita 4 na ruwa, sau ɗaya a mako, kuma bayan an riga an jiƙa saiwar da ruwa zalla. Takin gona mai ƙwaya-ƙwaya ko kashin kaji ƙona saiwar za su yi.

Wajen ƙwari, ka riƙa leƙa ƙasan ganye da maƙoƙon gindi. Akwai wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga, ana goge shi da auduga da sifirit. Kyankyaso da dodon koɗi suna gwaguyar koren bakin saiwa da dare. Bayan itacen kuma a duba shi saboda gara.

Abin da za ka gani a watannin farko

Kada hankalinka ya tashi in ganyen ya ɗan yi laushi a makonnin farko, ko na can ƙasa ya yi rawaya ya faɗi. Saiwoyin da suka girma a tukunya ba su saba da iska ba, wasu za su bushe, kuma yawancinsu ba za su manne ba. Sababbin da za su ɓullo daga gindi su ne abin jira. Ranar da ka ga wani ɗan koren tsini ya fito, ya lanƙwasa ya nufi itacen, ya kwanta a kai ya baje kamar an liƙa shi, to aiki ya kama. Ni duk safiya sai na tsaya na duba inda ya kai.

Shekarar farko zai iya ƙin fure, ƙarfinsa na tafiya ga saiwa. Abin da ke tayar da sandar fure shi ne sanyi-sanyi na wasu makonni. In zafi ya zauna a kan digiri 28 ko fiye, ganye kawai zai riƙa yi. A nan hunturu na da rana, sanyinsa kan sa sandar ta ɓullo daga tsakanin ganyen ƙasa, da ɗan faffaɗan kai, saɓanin saiwa mai zagayayyen baki. Amma daren da sanyi ya yi tsanani, ƙasa da digiri 13, a shigar da shi ɗaki. Daga fitowar sanda zuwa buɗewar fure akan ɗauki kamar wata 3, furen kuma ya yi wata 2 ko 3 bai zube ba. Ba sai an kafa masa tsinke ba, a bar sandar ta sunkuyo yadda take so. Sai dai kada a riƙa sauya masa fuska, don furannin haske suke bi, in ana juya shi sai su fito a hargitse.

Bayan wata 6 zuwa shekara, in saiwoyi 3 ko 4 sun kama itacen gam, ka sa reza ka yanke zaren ta baya, ka zare shi a hankali. Wanda saiwa ta hau kansa ka datse shi ta gefe biyu ka bar guntun a wurin. Gansakukar da ta tsufa ta yi baƙi ka tsince ta da tsinke, ka cusa sabuwa kaɗan kafin hunturu. In shekaru sun tafi, saiwoyi sun cika itacen har suna zagayawa baya, kada ka ɓanɓare shi. Ka samo itace mafi girma, ka shirya shi kamar na farko, ka ɗora tsohon a kansa ka ɗaure da waya ko ka kafe da ƙusa ta wurin da babu saiwa, su za su tsallaka da kansu.